ADI DASSLER: BADUKUN JAMUS DA YA ƘERA WA ZAKARUN DUNIYA TAKALMIN GUDU

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan gwanjo a kasuwar Yaba ko ta Katangowa a Ikko, ko ya zauna bakin titi a unguwar Sabo ta Badun yana kallon ƙafafun masu wucewa, ya san takalmin nan mai zane uku a gefe. 'Yan'uwanmu masu yawo da akwatin gyaran takalma kuwa ba sai an gaya musu ba, don kullum yana hannunsu, wani na ainihi, wani jabu. Amma da za ka tsai da mutum goma ka tambaye su asalin sunan Adidas, da ƙyar za a sami ɗaya da zai ce maka sunan mutum ne. To, sunan mutum ne, wani Bajamushe ɗan mai ɗinkin takalma, ana ce da shi Adolf Dassler, a gida kuwa Adi. Aka haɗa Adi da farkon Dassler, sai ga Adidas. Tarihinsa za mu kawo muku yau a wannan fili, domin akwai abin dubawa a ciki ga mai sana'ar hannu, da mai sha'awar guje-guje, da kuma duk wanda ya haɗa jari da ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya.

An haifi Adi ran 3 ga watan Nuwamba na shekarar 1900 a wani ɗan gari mai wuyar faɗa, Herzogenaurach, a jihar Bafariya ta kudancin Jamus, kusa da birnin Nurembag. Wani ɗan rafi mai suna Aurach ya ratsa tsakiyar garin. Ku riƙe sunan rafin nan, zai dawo a gaba. Kakanninsa masaƙa ne, amma da injunan manyan birane suka kashe saƙar hannu, sai mahaifinsa Christoph ya koma aikin ɗinkin takalma a wata masana'anta. Ba shi kaɗai ba, kusan garin duka haka ya yi, har ya zamana a farkon shekarun 1920 akwai masu yin takalma fiye da 100 a garin da mutanensa ba su wuce 3,500 ba. Mahaifiyarsa Pauline wanki da guga take yi wa mutane a bayan gida, yaran kuma su ne masu kai kaya gida-gida. Su huɗu ne, Fritz da Marie da Rudolf, sa'an nan Adi ɗan auta.

Da ya gama makaranta sai uban ya kai shi koyon gashin burodi. Ya daure ya gama koyon, amma zuciyarsa ba ta wurin. Abin da yake so shi ne wasa: gudu, da tsalle, da ƙwallon ƙafa, da dambe, da jifan mashi. A shekarar 1918, ana dab da ƙare Yaƙin Duniya na Farko, aka ɗauke shi soja. Ya dawo gida a 1919 ya tarar da ƙasa ta tsiyace, masu kawo wa uwarsa wanki sun ɗauke ƙafa, don wanda bai ci ya ƙoshi ba ina shi ina biyan mai wanki.

A ɗakin wankin nan da ya zama kango Adi ya kafa teburinsa. Fata babu, kuɗin saye babu. Sai ya shiga yawo yana tsintar tarkacen da soja suka bari, fatar cikin hular kwano, da jakunkunan guzuri, da yadin laimar sauka daga jirgin sama, yana yankawa yana haɗawa. Wutar lantarki kuwa yau akwai gobe babu, abin da mu ma ba baƙonmu ba ne. Dabarar da ya yi ita ce ya ɗaure injin gyaran fata a jikin wani tsohon keke da aka kafe a ƙasa, yaron shago ya hau yana tuƙawa, inji yana juyawa.

Tun a lokacin nan tunaninsa ya bambanta da na sauran masu takalman garin. Su suna yin silifa da takalmin zuwa aiki. Shi kuwa, da yake ɗan tsere ne, ya san yadda ƙafa ke zamewa in mutum ya zabura, ya kuma san nauyin takalmi yana cin mai gudu. Ba shi ne ya ƙago takalmi mai ƙusoshi ba, Turawan Ingila sun riga shi tun ƙarni na 19. Abin da ya sa a gaba shi ne ya rage masa nauyi, ya kuma gano inda ya kamata kowace ƙusa ta zauna. Yana da aboki tun na yarinta, Fritz Zehlein, ɗan gidan maƙera, a maƙerarsu ake buga masa ƙusoshin da hannu, ɗaya bayan ɗaya. In an ɗinka, su biyun su fita daji su gwada da ƙafarsu.

WA DA ƘANE

A shekarar 1923 wansa Rudolf, wanda ya girme shi da shekara biyu, ya bar aikin da yake yi ya shigo sana'ar. Ran 1 ga watan Yuli 1924 suka yi rajistar kamfani da sunan Masana'antar Takalma ta 'Yan'uwa Dassler. Da farko haɗin ya yi kyau ƙwarai, domin kowa da baiwarsa. Adi shiru-shiru ne, in ya shiga ɗakin aiki sai a manta da shi. Rudolf kuwa ɗan kasuwa ne na gaske, mai baki, mai son shiga mutane, irin wanda zai sayar maka da abin da ba ka fito saye ba. Ɗaya yana ƙerawa, ɗaya yana tallatawa.

Sa'arsu ta farko ita ce haɗuwa da Josef Waitzer, mai koyar da 'yan guje-guje da tsalle-tsalle na ƙasar Jamus. Ya ji labarin takalman, ya zo garin da kansa, suka ƙulla abota da Adi, ya zama mai ba shi shawara, ya kuma buɗe masa ƙofar manyan 'yan wasa. A wasannin Olamfik na 1928 a birnin Amsterdam, wanda shi ne karo na farko da aka bar mata suka shiga guje-guje, wata Bajamushiya Lina Radke ta ci lambar zinariya a tseren mita 800 cikin minti 2 da sakan 16.8, da takalmin Dassler a ƙafarta. A na 1932 a Los Anjalis, Arthur Jonath ya zo na uku a mita 100 da irin takalmin.

Wani abin da ya burge ni game da mutumin nan shi ne, yana da shekara 32, yana da masana'anta, sunansa ya fara fita, sai ya ajiye girman kai ya tafi makarantar koyon yin takalma a garin Pirmasens, don ya san ilmin abin daga tushe. A can ya ga Käthe Martz, 'yar wani gwanin sassaƙa ƙafar katako da ake ɗora takalmi a kai in za a ɗinka. Suka yi aure a 1934, Allah Ya ba su 'ya'ya biyar, namiji ɗaya mai suna Horst da mata huɗu. Käthe mace ce mai kaifin kai da tsayawa kan magana, kuma tun shigarta gidan ba su jitu da Rudolf da matarsa ba. Ga shi kuwa dukansu gida ɗaya suke zaune, da iyaye, da matan biyu, da 'ya'ya.

Akwai wani babi da ba za mu tsallake ba. A watan Mayu na 1933, 'yan watanni bayan Hitila ya hau mulki, 'yan'uwan suka yanki katin jam'iyyar Nazi. Adi har ya riƙa koyar da wasanni a ƙungiyar samarin Hitila. Masu kare shi suna cewa neman kasuwa ne, don a lokacin duk harkar wasa tana hannun jam'iyya. Ko ma mene ne dalili, ya shiga, kuma kamfanin ya ci riba da shigar.

BAƘON BALIN

A shekarar 1936 aka yi Olamfik a Balin. Hitila ya so ya nuna wa duniya cewa jinsinsa ya fi kowane jinsi. Sai ga wani saurayi baƙar fata daga Amurka, Jesse Owens, jikan bayi, ɗan manomin auduga daga jihar Alabama, ya kwashe zinariya huɗu a gaban idonsa: mita 100 cikin sakan 10.3, mita 200 cikin sakan 20.7, dogon tsalle mita 8.06, da gudun miƙa sanda na mutum huɗu. Labarin da ya shahara, wanda kamfanin ke alfahari da shi, shi ne Adi ya ɗauki takalmansa ya tafi masaukin 'yan wasa, ya san yadda ya yi suka kai hannun Owens, shi kuma ya yi tsere da su. Ku duba fa, mai katin jam'iyyar Nazi ne ya kai wa baƙar fata makamin da zai kunyata Nazi da shi. Ni a ganina Adi bai yi don siyasa ba. Ya ga ƙafar da ta fi kowace ƙafa sauri a duniya, ya so takalminsa ya kasance a kanta.

Ya kamata mai karatu ya san irin filin da ake gudu a kai a wancan zamani, don ya gane amfanin ƙusoshin. Ba shimfiɗar roba ba ce irin ta yau. Tokar kwal ce da garin bulo ake zubawa a daɓe, in an yi ruwa ta yi laushi, in mutum goma sun bi ta kai ta farfashe. Ko abin tokare ƙafa na wurin tashi babu, sai a Olamfik na 1948 aka fara amfani da shi. Kowane ɗan tsere da ɗan cokalin haƙa yake zuwa, ya tona ramuka biyu ya sa ƙafafunsa. A irin wannan fili dole ƙusa ta yi tsawo, ta nutse ta kama ƙasa mai ƙarfi da ke ƙarƙashin tokar. Bayan wasannin Balin wasiƙu suka yi ta zuwa Herzogenaurach daga ƙasashe, har kafin yaƙi kamfanin yana sayar da takalma wajen sawu 200,000 a shekara.

KOWANE GUDU DA TAKALMINSA

Aƙidar Adi a sana'a guda ɗaya ce, wato kowane wasa da irin takalminsa, kuma ɗan wasa ne zai faɗi inda ke yi masa ciwo. Yakan je fili da ɗan littafi a aljihu, ya tsuguna ya duba sawun mai gudu, ya karɓi tsohon takalmi ya ga gefen da ya fi cinyewa, ya koma ya gyara. Abin da masu yin takalman gudu ke bi har yanzu daga wannan tunani ya samo tushe, don haka bari mu ɗan tsaya a nan saboda samarinmu da ke makarantun Kudu masu sha'awar tsere.

Mai gudun mita 100 ko 200 ko 400 a kan gaban tafin ƙafarsa yake gudu, dunduniyarsa kusan ba ta taɓa ƙasa. Saboda haka takalminsa ba ya bukatar katifa a baya. Ƙusoshin duk a gaba suke, galibi shida zuwa takwas, a jikin wani faranti mai tauri wanda ba ya lanƙwasuwa da sauƙi, don ƙarfin da ƙafa ta buga kada ya salwanta. Bakin takalmin a ɗage yake kaɗan, yana tura mutum gaba. Kuma dole ya kama ƙafa tsam, har da yawa ba sa sa safa. Wanda ya ɗauki irin wannan ya shiga tseren mita 5,000 kuwa, kafin ya yi rabi sharaɓarsa da agararsa za su gaya masa. Takalmin dogon tsere yana da laushi, yana lanƙwasuwa, ƙusoshinsa ba su kai na gajeren tsere yawa ba, kuma akwai 'yar katifa a dunduniya. Na mai tsallen sama da na mai jifan mashi har a dunduniya akwai ƙusoshi, don da ita suke tokarewa.

Su kansu ƙusoshin iri-iri ne. Akwai mai ƙirar dala, mai faɗin gindi da tsinin kai, ita ce ta kowa da kowa, tana yi a roba tana yi a ƙasa. Akwai siririya kamar allura mai nutsewa cikin roba. Akwai kuma mai hawa-hawa wadda ba ta huda shimfiɗa sosai, sai dai ta danna ta, robar ta turo ƙafa. A filin roba ƙusa mai milimita 6 ta isa, wanda ya sa doguwa sai ta riƙe shi, ta kuma ɓata fili. A filin ƙasa ko ciyawa ne ake neman mai tsawo. Dokar hukumar guje-guje ta duniya ba ta yarda ƙusoshi su wuce 11 a takalmi ɗaya ba, tsawonsu kuma kada ya wuce milimita 9, sai a tsallen sama da jifan mashi inda aka yarda da 12.

Na tuna muna sakandare, takalmi mai ƙusoshi sawu ɗaya tak gare mu a makaranta duka, yana kulle a akwatin malamin wasanni. Ranar gasa aka ba gwaninmu, yaron da bai taɓa gudu da takalmi ba, ga shi ya yi masa yawa har sai da aka cusa takarda a baki. Aka busa usur, kafin mita 30 ƙafa ɗaya ta fice, ya zo na biyar a tseren da ya saba cinyewa ba takalmi. Ba mu kaɗai ba ne muka san gudu da tsalle a haka. Emmanuel Ifeajuna, da ya ciwo wa Nijeriya zinariya a tsallen sama a wasannin ƙasashen renon Ingila na 1954 a Kanada, takalmi ƙafa ɗaya ya sa. Abebe Bikila na Habasha kuwa ƙafarsa ba komai ya cinye gudun fanfalaki a Olamfik na 1960 a birnin Rum.

Wani lokaci kuma lafiyar ƙafa ce ke zaɓar takalmi. A shekarar 2022, a garin Yujin na Amurka, Tobi Amusan 'yar Ijebu Ode ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100 cikin sakan 12.12. Takalmin Adidas ta sa, amma irin wanda aka yi don masu dogon tsere, aka yi ta surutu a kai. Ita kuwa ta bayyana cewa ciwo ta yi fama da shi a tafin ƙafa, shi ya sa ta nemi mai laushi, kuma takalmin bai saɓa wa doka ba.

YAƘI A WAJE, YAƘI A GIDA

Mu koma kan Adi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, harkar wasa ta tsaya. An kira Adi soja a 1940, amma ba a daɗe ba aka sallame shi a kan cewa masana'anta na bukatarsa. Rudolf kuwa aka ɗauke shi a 1943 aka tura shi gabas, wajen ƙasar Folan. Nan ne zuciyarsa ta fara baƙi, yana ganin ƙanensa da matar ƙanen ne suka shirya a kawar da shi don su riƙe kamfani. Ana ba da labarin wani dare da jiragen Ingila da Amurka suka zo jefa bom, Adi da iyalinsa suka shiga ramin ɓuya suka tarar da iyalin Rudolf a ciki. Adi ya yi wata baƙar magana a kan cewa la'anannun sun sake dawowa. Shi jiragen yake nufi, amma Rudolf ya ɗauka da shi da iyalinsa ake, kuma ba wanda ya iya fid da wannan daga ransa.

Daga ƙarshen 1943 gwamnati ta hana yin takalma a masana'antar, aka mai da ita wurin haɗa sassan wani makami na harbin tankokin yaƙi, har an yi amfani da mutanen da aka kamo daga wasu ƙasashe ana sa su aikin tilas. Da sojan Amurka suka shigo garin a watan Afrilu 1945, sun so su rushe ginin. An ce Käthe ce ta fita ta lallashe su da cewa su masu takalman wasa ne kawai. Da Amurkawan suka ji nan ne aka yi wa Jesse Owens takalmi, sai suka zama masu ciniki, suna ba da aikin takalman wasanninsu.

Rudolf bai sami wannan sauƙi ba. Amurkawa sun kama shi bisa zargin ya yi aiki da hukumar leƙen asirin Nazi, suka tsare shi wajen shekara guda, shi kuwa ya haƙiƙance daga cikin gida aka kai sunansa. Shi ma Adi an gurfanar da shi gaban kwamitin da ke tace 'yan Nazi, a 1946 aka fara yanke masa hukunci mai tsanani wanda zai raba shi da kamfanin. Ya ɗaukaka ƙara. Cikin masu ba da shaida a gefensa har da magajin garin wani ƙauye na kusa, mai jinin Yahudawa, wanda ya ce Adi ya ɓoye shi lokacin da ake nemansa. Cikin masu ba da bayanin da zai cutar da shi kuwa har da wansa. A farkon 1947 aka sassauta, aka sa shi a layin 'yan bi-yarima, ya koma bakin aikinsa.

Bayan wannan ba sauran zama tare. A 1948 suka raba komai, injuna da gine-gine da ma'aikata. Aka bar ma'aikata kowa ya zaɓa, masu aikin hannu galibi suka tsaya wurin Adi, masu talla suka bi Rudolf. Uwarsu ta bi Rudolf, 'yar'uwarsu Marie ta tsaya wurin Adi. Rudolf ya ƙetare rafin Aurach ya kafa nasa, ya fara sa masa suna Ruda, daga baya ya mai da shi Puma. Adi ya yi rajistar Adidas ran 18 ga watan Agusta 1949 da ma'aikata 47. Zanen nan uku kuwa asalinsa ɗauri ne na fata da ake ɗinkawa a gefe don ya riƙe tsakiyar ƙafa. Adi ya ga in an yi shi da wani launi dabam za a hango takalminsa daga nesa, a kuma gane shi a hoton jarida.

Rabuwar ba ta tsaya a gidan Dassler ba, garin duka ta raba. Kusan kowane gida yana da mai aiki a ɗaya daga cikin kamfanonin biyu. Kowane ɓangare da mahautansa da masu burodinsa da kulob ɗinsa na ƙwallo, auratayya ma ta yi wuya. Har aka yi wa garin laƙabi da garin masu sunkuyar da kai, domin kafin mutum ya gaishe ka sai ya dubi abin da ke ƙafarka.

RUWAN SAMAN BERN

Abin da ya ɗaga Adidas sama da Puma ya faru ne ran 4 ga watan Yuli 1954 a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, a wasan ƙarshe na cin Kofin Duniya. Jamus ta Yamma ce da Hangari. Hangari ta yi shekara huɗu ba a ci ta ba, kuma a zagayen farko na gasar ta lallasa Jamus da ci 8 da 3. Adi yana tare da 'yan wasan Jamus, don mai koyar da su Sepp Herberger abokinsa ne. Takalman da ya yi musu ba su da nauyi, kuma haƙoransu ana ɗaurawa ana kwancewa kamar noti. Ranar aka yi ruwa, fili ya zama taɓo, sai aka kwance gajerun haƙora aka ɗaura dogaye. Cikin minti takwas Hangari ta zura biyu, amma Jamus ta rama, kana Helmut Rahn ya ci na uku saura minti shida a tashi. Mutanen Puma har gobe suna cewa su suka riga fito da irin haƙoran nan. Ko da haka ne, hoton da duniya ta gani na zane uku ne.

Wannan dabara ta ɗaurawa da kwancewa ita ce ta zama ruwan dare a takalman gudu ma. A da in ƙusa ta cinye sai a koma wurin baduku, yanzu kuwa ɗan tsere da ɗan makullinsa a jaka, ya dubi fili ya canza.

Daga nan gasar ta koma ta kuɗi. A Olamfik na 1956 a Melbon ta Ostireliya, Horst ɗan Adi, yana da shekara 20, ya riƙa raba wa 'yan wasa takalma kyauta, abin da ba a saba gani ba. A 1960 sai Armin Hary, Bajamushen da ya fara gudun mita 100 cikin sakan 10 daidai, ya nemi Adi ya biya shi, alhali dokar Olamfik ta lokacin ta hana ɗan wasa karɓar kuɗi. Adi ya ƙi. Hary ya tafi wurin Puma, ya ci zinariya a Rum da takalminsu, sa'an nan da za a rataya masa lambar sai ya fito sanye da Adidas, wai ko zai ci tudu biyu. Adi ya fusata ƙwarai, ya yanke hulɗa da shi.

A 1968 aka zo da sabon abu. A Olamfik na birnin Meksiko ne aka fara tsere a kan shimfiɗar roba mai suna Tartan, dogayen ƙusoshin zamanin toka suka zama ba su da amfani. Puma ta fito da wani takalmi mai ƙananan allurai 68 a jere kamar buroshi. John Carlos na Amurka ya sa shi a gasar zaɓen 'yan wasan ƙasarsu, ya yi mita 200 cikin sakan 19.7, wanda ya fi tarihin duniya na lokacin. Hukuma ta ce allurai sun wuce ƙa'ida, ta haramta takalmin, ta ƙi karɓar tarihin. Mutanen Puma suka ce da hannun 'yan ƙetaren rafi a ciki. A lokacin rigimar ta riga ta gangaro kan 'ya'ya, Horst a nan, Armin ɗan Rudolf a can.

Shi dai Adi, duk da dukiyar da ta taru, bai bar ɗakin aiki ba. Ba ya son taro, ba ya son 'yan jarida, harkar kuɗi da ciniki Käthe ya bar wa. Ya yi wa Muhammad Ali takalmin dambe, ya yi wa masu tsalle da masu wasan ƙanƙara nasu, an kuma lissafa takardun mallakar ƙirƙira wajen 700 da sunansa. Sai dai yayin da gidajen biyu suka zuba wa juna ido, wani ƙaramin kamfani a Amurka da ya ɗauki sunan Nike a 1971 ya lura talakawa sun fara gudun motsa jiki a kan titi, ya yi musu takalma. Herzogenaurach ta raina abin, kafin ta farga an sha gabanta a kasuwar Amurka.

Rudolf ya mutu a watan Oktoba 1974, ba su shirya a idon duniya ba. Adi ya bi shi ran 6 ga watan Satumba 1978, yana da shekara 77, ya bar masana'antu 17. Käthe ta riƙe kamfanin har ta mutu a ƙarshen 1984, Horst ya karɓa, shi ma ya mutu a 1987 yana da shekara 51. A 1990 'ya'yan Adi mata suka sayar wa wani attajirin Faransa, Bernard Tapie, yawancin kamfanin, a daidai lokacin da Puma ma ta riga ta fita daga hannun zuriyar Rudolf. A 2004 wani jikan Rudolf, Frank Dassler, ya ƙetare rafi ya kama aikin babban lauyan Adidas, kuma a watan Satumba 2009 ma'aikatan kamfanonin biyu suka gauraya suka buga ƙwallon sada zumunci, karo na farko tun rabuwar. Wa da ƙanen kuwa maƙabarta ɗaya aka binne su a garin, kabarin ɗaya a wannan ƙarshe, na ɗayan a wancan.